Bindiga a Kular Shinkafa

Tchima ta buɗe kular da mijinta yake tafiya da ita wurin aiki don ta wanke, sai ta tarar da bindiga kwance a kan ragowar shinkafa, an naɗe ta da tawul kamar jaririya. Ba ta yi ihu ba. Matar da ke yini tana ɗaga kwalaye a wani katafaren sito na titin Wendover ba ta ɓarnar numfashi a banza. Ta mayar da murfin a hankali, ta goge hannu a zani, ta je ta tsaya a kan Chamsou, wanda ke zaune a falo yana haddar sunayen jihohin Amurka na farko.

"Baban Mounira, mi na gani cikin kula?"

"Kado ne, kyauta," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Tsoho ya ba ni."

"Kado. Mutane ana ba su agogo, ana ba su kwat. Kai kuwa aka dube ka sama da ƙasa, jibi intabiyu ɗinka, aka ce wanga mutum bindiga ta kamace shi."

Gaskiyarta. Jibi Litinin Chamsou zai tafi Charlotte a yi masa tambayoyin zama ɗan ƙasa, kuma sai ya zama ɗan ƙasar ne zai iya neman a kawo masa mahaifiyarsa daga Tasawa, wadda idonta ke rufewa a hankali. Saboda wannan Litinin ɗin ya yi shekaru yana zaman ɗar-ɗar a Greensboro. Bai taɓa ƙetare jar danja ba. Bai taɓa ɗaga wa Bature murya ba, ko da kuwa Baturen ne ya taka shi. Gemunsa ma, tun shekarar da aka rushe benayen New York ya rage shi har ya koma abin da ba za a iya kai ƙararsa ba. Yanzu ga shi a shekarar 2004, talabijin kullum tana canza wa gargaɗin ta'addanci launi daga rawaya zuwa ruwan lemo, shi kuma Musulmi baƙo da bindigar soja a ɗakin girki.

Yadda aka yi kuwa ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarbiyya. Wani kamfanin kula da tsofaffi ne ya tura Chamsou gidan Mista Hadley a Summerfield, can arewa da gari, inda gidaje ke nesa da juna kuma dawaki suka fi wasu mutanen samun kulawa. Tsohon ya haura tamanin, hannunsa na rawa, matarsa ta rasu, 'yarsa tana Raleigh tana ƙaunarsa ta waya. Abu biyu suka rage masa a duniya: wani tsohon doki ja, da wannan bindiga da mahaifinsa ya dawo da ita daga Turai bayan yaƙin duniya na farko. Kullum bayan Chamsou ya yi masa wanka ya ba shi magani, sai a ciro ta daga akwati a buɗe makaranta.

Sunanta Roth-Steyr, ƙirar 1907, ta sojan dokin daular Ostiriya da Hangare. A faɗar tsohon, ita ce bindigar hannu ta farko mai ɗura kanta da wata babbar rundunar ƙasa ta yarda ta raba wa sojojinta, a lokacin da sauran duniya ke fama da libarba mai juyawa. Harsashi goma take ci, ta sama ake danna su su sauka cikin mariƙi. Gidan harsashin ba ya cirewa, don kada ya faɗi a ciyawa doki na gudu. In ta tashi, bakinta murɗawa yake yi a ciki kafin ya saki. Ba ta da makullin tsaro ko ɗaya, sai dai kunamarta doguwa ce mai tauri, saboda mahayi yana riƙe da linzami, doki na tsalle, kada ya harbe kunnen dokinsa ko ƙafar kansa. A mariƙin akwai wani ɗan faifan tagulla da lambar rundunar da ta mallake ta. Daular ta rushe, rundunar ta watse, dawakin sun mutu, bindigar kaɗai ta yi tsawon rai har ta samu darajar kwanciya a kan shinkafar Tchima.

Chamsou ya ji wannan karatu har ya iya shi fiye da tarihin Amurka da za a tambaye shi. Bai taɓa katse tsohon ba, don babba ba a katse shi. Abin da za a ce wa dattijo a gida, "haka ne, Baba, madalla, Allah ya ƙara basira," shi yake juyawa zuwa Turanci ya zuba masa. Mista Hadley kuwa, da bai saba jin an yaba masa komai ba sai in ana neman ya sa hannu a takarda, ya ɗauka ya samu ɗalibi na haƙiƙa. Jiya Juma'a da yamma, Chamsou na shirin tafiya, tsohon ya miƙo masa ita ya ce, "Taka ce. Tafi da ita yau." Hannun da aka rena a Tasawa ba ya jiran shawarar kai. Kafin Chamsou ya tuna akwai wani gari wai shi Charlotte, ya riga ya rusuna, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har da addu'a.

"Maida mashi abinshi," in ji Tchima.

"In maida? Kyautar dattijo? Tchima, a ina kika taɓa jin an yi haka? Ai gara in zage shi."

"To zage shi. Zagi ba ya hana mutum fasfo."

"Ba ta da harsashi fa. Kuma ta girmi kakana."

"Bon. Sai ka yi ma polis wanga bayani kana kwance a ƙasa." Ta tura masa kular da ƙafa. "Kahin Mounira ta taso daga barci, ni dai ban son ta cikin gidana. Ka tahi wurin manyanku masu ilimi."

Haka Chamsou ya fita da safiyar Asabar, kula a kujerar gaba, har ya ɗaura mata bel don kada ta gangara. A Wendover motoci sun cika titi, kowa na gaggawar zuwa sayen abin da ba ya bukata. A danja ta biyu motar 'yan sanda ta tsaya daidai gefensa. Ɗan sandan yana cin wani abu ne daga takarda, bai ma san an halicci Chamsou ba, amma Chamsou ya karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Da danja ta saki, ya ja motar a hankali har na baya suka fara yi masa ham.

Manya masu ilimin suna bayan kantin Alhaji Garzali a gabashin gari. Alhaji Bakano ne, yana sayar da garin rogo, daddawa, busasshen kifi da katin kiran waya, kuma a bayan kantin akwai benci da butar shayi inda ake warware matsalolin duniya duk ƙarshen mako. A nan aka gama yaƙin Iraƙi tun kafin a fara shi. Shugaban majalisar shi ne Dabo, tsohon jandarma daga Nijar, wanda yanzu yake tuƙa motar ɗaga kaya a sito amma har gobe ana kiransa Shef. Duk wanda ya taɓa shan shayi a bencin nan ya san yadda Shef ya kori 'yan tawaye a bayan Agadas. Yawan 'yan tawayen yana ƙaruwa duk shekara, abin da ke nuna cewa ba su daina haihuwa ba ko bayan ya gama da su.

"A'a, Malam Shamsu, ɗan Amurka!" in ji Alhaji Garzali. "Har da kula? Lallai Hajiya Tchima ta tuna da mu."

"Alhaji, shawara na zo nema. Shef, kai ka san ƙarfe."

"Ƙarfe?" Dabo ya gyara zama, ya ajiye kofi. "Ƙanena, ni da ƙarfe muka tashi. Ido rufe nake kwance Kalashi in ɗaura."

Chamsou ya ɗora kular a kan benci, ya buɗe, ya yaye tawul. Mutum biyu da ke gefe suka tuna a take cewa suna da shif a wurin aiki. Wani kuma bai tsaya neman dalili ba, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya bar takalminsa ɗaya. Alhaji Garzali ya ja baya har ya jingina da buhunan shinkafa, yana kallon sama ta ko'ina kamar jirgi zai sauko.

"Inna lillahi! Malam Shamsu, a bayan shagona? Ka san mutanen nan suna da kyamara har a cikin fitilar titi? Ni me na yi maka?"

Shef dai bai gudu ba, a ba shi haƙƙinsa. Ya sa hannuwansa biyu a baya, ya leƙa kular daga nesa, wuyansa a miƙe.

"Ina sikirite ɗinta? Makullin, ina yake?"

"Ba ta da shi."

"Comment ba ta da shi?"

"Haka aka ƙera ta. Ta masu doki ce."

"To cire sharjar, gidan harsashin, mu ga cikinta."

"Ba ya cirewa."

Dabo ya ƙara taku ɗaya baya. "Bindigar da ba ta kulluwa, ba ta buɗuwa, wagga ba bindiga ba ce, masifa ce. Juya bakinta wajen bango. A'a, ba wanga bango ba, motata na nan!"

"Shef, riƙe min ita dai zuwa Talata. In na dawo daga Charlotte sai in san yadda zan yi."

"Ni? In taɓa ta yatsuna su hito a kwamfuta? Ƙanena, a Agadas ina da gwamnati a bayana. Nan mi gare ni? Girin kad, katin zama kawai, shi ma na roba." Ya rage murya, ya koma jandarma na gaske na ɗan lokaci. "Saurara. A jihar nan, ƙaramar bindiga ko kyauta aka ba ka, sai da izinin ofishin sharif, babban polis na yanki, kahin ka karɓa. Kana da shi?"

"A'a."

"Voilà. Ka riga ka yi laifi tun jiya. Jibi za su sa ka ɗaga hannu ka rantse, su tambaye ka ko ka taɓa yin laifin da ba a kama ka ba. Kuma in ɗiyar tsohon ta zo ta ga akwati wayam, mi kake jin za ta ce? Baba ya yi kyauta? Cewa za ta yi baƙin nan mai wanke shi ya sata."

Chamsou ya zauna a bakin bencin. Wannan bai zo masa a rai ba. Ya ga fuskar mahaifiyarsa tana zaune a ƙofar ɗaki tana juya kai wajen duk motsin da ta ji, tsoro ya kama shi sosai.

"Akwai tafki a hanyar Summerfield," in ji Alhaji Garzali daga bayan buhuna. "Jefa ta ciki. Ba ka gani ba, ba mu gani ba. In an tambaye ka ka ce tsoho ya rikice, bai san inda ya ajiye kayansa ba. Wa zai yarda da maganar mai shekara tamanin? Yanzu don girman Allah rufe kular nan, sannan ka fita ta baya. Allah ya ba da sa'a ranar Litinin, muna nan muna addu'a."

Da addu'ar tasu ya fita, ita ce kaɗai abin da aka yarda a riƙe masa.

Ya tsaya a bakin tafkin kuwa. Rana ta ɗaga, ruwa kwance, wasu dattawa biyu na kamun kifi can nesa ba ruwansu da kowa. Wurin ya dace da aikin ƙwarai. Chamsou ya fito da kular, ya taka har bakin ruwa, ya tsaya. Abin da ya gagara shi ne hannun. Hannun da ya karɓa da ladabi jiya ya ƙi yin jifa yau. A ce mutum ya ba ka abin da ubansa ya bar masa, kai kuma ka ba kifi, sannan ranar Talata ka koma ka goge masa baki ka ce masa ya rikice? Ya ji kunyar abin tun bai aikata ba.

A nan tsaye dabara ta faɗo masa, har ya yi murmushi shi kaɗai. Ajiya! A gida in fatake suka sayi kaya ba su da wurin sawa, ai wurin maigida suke barinsu. Kaya nasu ne, ɗaki na maigida, ba wanda aka wulaƙanta. Zai je ya ce, Baba, na karɓa, tawa ce, amma gidana ƙarami ne kuma akwai yarinya, ka ajiye min amana. Bindiga ta koma akwatinta, dattijo ya ƙara girma, Chamsou ya tafi Charlotte da hannu fari tas. Ya koma mota yana mamakin yadda Allah ya zuba masa basira haka amma duniya ta bar shi yana canza wa tsofaffi zanen gado.

Tun daga kwanar gidan ya ga sawun tayoyin babbar mota a kan ciyawa. Ƙofar bargar a buɗe take, ba kowa ciki. Sai a lokacin ya tuna yau ne za a zo ɗaukar dokin. 'Yar tsohon ta sayar da shi, don ƙarshen wata za a mayar da uban gidan kula da tsofaffi, inda aka ce akwai lambu mai kyau da ake kallo ta taga. Matar da ke karɓar aikin ranar Asabar tana ɗakin girki, waya a kunne, ta ɗaga wa Chamsou yatsu biyu ta ci gaba da hirarta.

Mista Hadley yana baranda a keken guragu, bargo a cinya, yana fuskantar filin da ba komai a cikinsa.

"Yau ba ranarka ba ce," in ji shi.

"Na zo gaishe ka ne, Baba."

"Sun tafi da shi da safe. Bai so shiga motar ba. Sai da suka rufe masa ido."

Chamsou ya yi masa jaje kamar yadda ake yi in an yi rashi, sannan ya durƙusa, ya buɗe kular, ya ɗora bindigar da tawul ɗinta a kan ɗan teburin da ke tsakaninsu. Ya zuba jawabin da ya tsara a mota, da Turancinsa na ranar salla. Ya yi bayanin fatake da maigida, ya yi bayanin amana, ya nanata cewa ba maidowa ya yi ba, Allah ya kiyaye, ajiya ce kawai. Jawabin ya yi kyau. Shi kansa ya ji daɗinsa.

Tsohon bai dube shi ba. Bindigar yake kallo. Hannunsa mai rawa ya fito daga ƙarƙashin bargo, ya tafi a hankali har ya sauka a kan mariƙin, kuma da ya sauka sai rawar ta ragu.

"Me na gaya maka game da kunamarta?"

"Doguwa ce, mai tauri. Don kada mahayi ya harbi dokinsa."

"Haka littafi ya ce. Ni kuma ina ganin wanda ya ƙera ta ya san mutane. Ya san mutum a tsorace, a kan dabba a tsorace, yana bukatar ɗan lokaci tsakanin niyya da aiki. Sai ya sa masa lokacin a cikin ƙarfe." Ya shafa faifan tagullar da babban yatsa. "Ranar Alhamis, bayan ka tafi, 'yata ta kira ta gaya min ranar da za a zo ɗaukar dokin. Na ciro ta. Na ɗura ta, da wannan hannun, ka san aikin da na sha. Na fara ja. Tana da nisa, Chamsou, ba ka san nisanta ba sai ka gwada. A tsakiyar hanya na tuna kai ne za ka buɗe ƙofar da safe."

Sai yanzu Chamsou ya gane abin da tsohon ya so yi wa kansa. Yana durƙushe, amma sai da ya dafa ƙasa.

"Ba don kana son tarihi na ba ka ita ba. Na san ba ka so, kana da ladabi ne kawai. Na ba ka ne don ta bar gidan nan kafin yau. Ta ba ni lokaci ranar Alhamis. Ban sani ba ko za ta ƙara." Ya ɗago ido a karo na farko. "Yanzu kuma ka dawo min da ita ka ce in ajiye maka."

Daga ɗakin girki dariyar matar ta taso, wani ya faɗi abin ban dariya a waya. Chamsou ya dubi bindigar, ya dubi hannun da ke kanta. Duk basirar bakin tafki ta bi iska. Ya tuna Charlotte, ya tuna ɗaga hannu da rantsuwa, ya tuna uwarsa da idonta. Ba abin da ya ragu daga nauyinsu. Tausayin tsohon ne kawai ya zo ya zauna a kansu, har ya ji hawaye na neman zubo masa. Ya miƙa hannu biyu, ya ɗaga yatsun Mista Hadley ɗaya bayan ɗaya daga kan mariƙin, abin da bai taɓa yi wa babba ba tun da aka haife shi. Tsohon bai hana shi ba.

"Na fasa ajiyar, Baba. Kayana ne, zan tafi da abina. Harsashin fa?"

"Na cire su a daren."

"Suna ina?"

Tsohon ya nuna ɗakinsa da haɓa. "Cikin safa. Aljihun tebur na ƙasa, gefen gado."

Chamsou ya shiga ya ɗauko. Safar ulu ce, toka-toka, shi da kansa ya wanke ta makon jiya, yanzu ta yi nauyi tana ƙara. Ya sa ta cikin kular kusa da bindigar, ya rufe, ya kai mota ya kulle a but. Mutumin da ya fito da safe don ya rabu da bindiga marar harsashi, ga shi ya samu ci gaba.

Daga jikin motar ya kira gida.

"Ka maida?" in ji Tchima.

"A'a. Har da harsashi yanzu."

Ta ja numfashi za ta fara, ya riga ta. Ya gaya mata abin da tsohon ya ce, a gajarce, murya ƙasa-ƙasa.

"Shi kaɗai ne yanzu?" ta tambaya.

"Akwai mai aiki, tana waya."

"To shi kaɗai ne. Kar ka taso. Ka kira ɗiyarshi ta zo."

"In na kira ta, sai na faɗa mata bindigar na wurina tun jiya. Za ta gaya ma kamfani. Wataƙila ta kira polis. Tchima, Litinin..."

"Na san ranar da Litinin take," in ji ta. "Inna da kanta, in ta ji ka bar tsoho haka don ka kawo ta, kana jin za ta hau jirgin?" Ta kashe wayar kafin ya ji kukanta.

Ya koma barandar. Mista Hadley ya bi shi da kallo har ya zauna a kan matakala.

"Zan kira 'yarka, Baba."

"Kada ka yi. Za ta ɗaga hankalin kowa. Za su kore ka daga aiki, ko abin da ya fi haka. Ba jibi ne za ka je neman takardarka ba?"

"Jibi ne."

"To kai wawa ne?"

"Haka ne, Baba," in ji Chamsou, don babba ba a yi masa musu.

Ya lalubo lambar Raleigh a wayarsa, ya danna. Ta daɗe tana ƙara. Da matar ta ɗauka, da muryar wanda aka katse wa hutun Asabar, ta tambaya wane ne. Chamsou ya gyara zama, ya faɗa mata sunansa cikakke, a hankali, yadda yake a rubuce a takardunsa.